Kafin hannu ya kai ga zuciyar mutum: koyon tura kateta a kan na'urar kwaikwayo

Abin da ke kwance a kan teburin gunkin roba ne da aka lulluɓe da koren ƙyalle irin na ɗakin tiyata. A wuyan hannunsa na dama akwai ƙaramin rami, akwai wani kuma a gindin cinya. A ƙarƙashinsa akwai doguwar akwati mai ɗauke da na'urorin da ke jin duk abin da aka tura ciki: kaurinsa, tsawon da ya shiga, da yadda aka juya shi. A gabanka allo biyu ne, ɗaya na hoton eksire mai motsi, ɗaya na zanen bugun zuciya da layin matsin jini. A ƙasa feda biyu, a gefe kuma sandunan juya tebur da kyamara. Irin waɗannan na'urori da aka fi sani su ne VIST ta kamfanin Mentice na ƙasar Suwidin, da ANGIO Mentor ta Simbionix. Waya da katetar (siririn bututun da ake zurawa ta jijiya har zuwa zuciya) da kake riƙewa na gaske ne, sai dai an yanke bakinsu. Kwamfuta ce ke zana bakin a allo daidai da nau'in da ka zaɓa.

A kan wannan gunki muka fara, kuma a kansa muke ɗora duk likitan da ya zo neman ƙwarewa a aikin kateta na zuciya kafin mu bar shi ya tsaya a gefen majiyyaci. Sana'ar nan a jikin mutane aka gina ta. A 1929 Werner Forssmann, wani matashin likita a Jamus, ya zura kateta ta jijiyar hannunsa har zuwa zuciyarsa. A 1953 Sven-Ivar Seldinger ya fito da dabarar allura, sai waya, sai bututu a kan wayar, wadda har gobe da ita ake shiga jijiya. A 1958 Mason Sones ya ga hoton jijiyar da ke ciyar da zuciya bayan kateta ta zame ta faɗa bakinta ba da niyya ba. A Satumbar 1977 Andreas Grüntzig ya buɗe toshewar jijiyar zuciya da balan-balan a Zurik. Duk wanda ya biyo bayansu ya yi kurakuransa na fari ne a kan mutum mai rai, malami na tsaye a bayansa. Amfanin na'urar shi ne ta karɓi waɗannan kurakuran na fari. A ƙasashen da ɗakunan kateta ba su da yawa, irin namu, inda mai koyo kan jima bai samu majiyyacin da za a bar masa ba, amfaninta ya ninka.

Ranar farko ba ma kunna ta. Muna zama da kayan aiki ne a hannu. Mai koyo zai san cewa ma'aunin da ake kira Faranshi ɗaya kashi ɗaya cikin uku ne na milimita, wato kateta mai lamba 6 kaurinta milimita 2 ne. Zai san cewa lambar kateta tana nufin faɗinta ta waje, ta kube kuma (gajeren bututun da ke zama a bakin jijiya ana shiga ta cikinsa) tana nufin abin da zai iya wucewa ta cikinsa. Zai riƙe waya mai kauri 0.035 na inci mai lanƙwasasshen baki kamar ƙugiya, ya bambanta ta santimita 150 da ta 260 wadda ake canjin kateta a kanta. Daga nan sai jerin famfuna uku da ake kira manifol: ɗaya zuwa ma'aunin matsin jini, ɗaya zuwa ruwan gishiri, ɗaya zuwa rinin da ke bayyana jijiya a hoto. Muna sa shi ya haɗa, ya kori iska, ya warware, ya sake haɗawa, har sai ya iya juya famfunan ba tare da ya duba hannunsa ba. Dalilin dagewarmu shi ne yawancin na'urorin kwaikwayo ba su da ruwa a ciki. Sirinjinsu iska yake turawa, allo ya nuna rini. A jikin mutum kuwa ƙaramar kumfar iska da ta shiga jijiyar zuciya tana iya toshe ta nan take, ƙirji ya ɗauki ciwo, jini ya faɗi. Don haka tun daga ranar farko dokar ita ce a riƙe sirinji bakinsa na kallon ƙasa domin kumfa ta tashi can baya, a zuƙo jini kafin a tura komai, kuma kada a matse sirinji har ƙarshe.

Huda jijiya ma ba a kan kwamfuta ake koyonta ba, domin ramin gunkin a buɗe yake. Muna amfani da wani dunƙulen roba mai taushi da aka binne siraran bututu a ciki, ana kallo da na'urar sikanin. Ga wuyan hannu, wurin shiga santimita ɗaya zuwa biyu ne sama da ƙashin da ya fito a gefen babban yatsa, allura a karkace digiri 30 zuwa 45. Jini ya fito, sai siririyar waya ta bi. In ta cije, ba a tura ta da ƙarfi, domin alama ce ta shiga cikin bangon jijiya ko wani ƙaramin reshe. Ga cinya, ana huda daidai kan kan ƙashin cinya. Wanda ya hau sama da haka zai iya jawo zubar jini a bayan ciki inda hannu ba ya kai wa ya danne, wanda ya yi ƙasa kuma yakan bar kumburin jini mai bugawa. Tun da Lucien Campeau ya nuna a 1989 cewa ana iya bi ta hannu, aikin ya yi ta komawa can, saboda zubar jini ta fi sauƙi kuma majiyyaci na tashi da wuri. Duk da haka muna koyar da hanyoyin biyu, don akwai ranar da hannu zai ƙi.

Sai a kunna na'ura. Mai koyo yana sanye da rigar dalma da abin kare maƙogwaro, da safar hannu, ko da yake babu ɗigon eksire a ɗakin. Zai faɗi da baki abin da zai bayar ta cikin kube: hefarin yunit 5,000 don kada jijiyar ta toshe bayan aiki, da maganin saki jijiya, ko dai berafamil miligiram 2.5 ko naitirogilisarin maikirogiram 100 zuwa 200. Zai kuma tabbatar an daidaita sifirin ma'aunin matsi a tsakiyar kaurin ƙirji. Wanda bai faɗa ba, muna ɗauka bai yi ba.

Daga wuyan hannu zuwa tushen awota, babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, doka ɗaya ce: waya a gaba, kateta a baya. Bakin kateta shi kaɗai yana kankare bangon jijiya, abin da ya ɓalle kuma yana iya wucewa ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Na'urar tana da majiyyata iri-iri a cikinta. Akwai mai miƙaƙƙiyar hanya, akwai wanda jijiyarsa ta yi zobe a gwiwar hannu, akwai tsoho mai hawan jini wanda jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuyansa ta murɗe. A wannan na ƙarshe waya takan so gangarawa ƙasa zuwa ciki maimakon ta hau zuwa zuciya. Maganin shi ne a juya kyamara zuwa hagu, a ce wa majiyyaci ya ja dogon numfashi ya riƙe, hanyar ta miƙe. Muna sa mai koyo ya ce wa gunkin, "Baba, ja numfashi ka riƙe," da babbar murya, domin wanda bai saba magana yana aiki ba yakan yi shiru a ranar da ake bukatar muryarsa.

Cikin jijiyoyi biyu da ke ciyar da zuciya, ta hagu ita ce ta fari. Ta hannun dama ana ɗaukar katetar Judkins ta hagu mai lamba 3.5, ta cinya kuma mai lamba 4 (wannan lambar girman lanƙwasar bakinta ce, ba kaurinta ba). Melvin Judkins ne ya tsara siffarsu a 1967, kuma in girman ya dace takan nemi bakin jijiyar da kanta. In ta yi ƙanƙanta sai bakinta ya kalli sama ta naɗe, in ta yi girma sai ya kalli ƙasa ya tsaya a aljihun bawul, ƙofar da ke tushen awota. An cire waya, an zuƙo jini an zubar, an wanke da ruwan gishiri, an buɗe famfon matsi.

Nan ne muke daɗewa, kwana da kwanaki. Idon sabon likita yana maƙale a allon hoto, domin nan ne abin sha'awa yake. Amma ran majiyyaci yana ɗaya allon. Da zarar bakin kateta ya shiga jijiya, kafin a tura ko ɗigon rini, sai an kalli layin matsin jini. In tsayinsa da siffarsa suna nan kamar yadda suke a awota, a ci gaba. In ya kwanta, tudunsa ya ragu, ko kuma ƙasansa ya zurma ya koma kamar na cikin ɗakin zuciya, to kateta ta toshe hanya: ko bakin jijiyar a tsuke yake da cuta, ko kateta ta nutse da yawa, ko bakinta ya tokari bango. Wanda ya tura rini da ƙarfi a wannan hali yana iya ɓare fatar cikin jijiyar, rini ya shiga tsakanin bango, uwar jijiyar hagu da ke ciyar da mafi yawan zuciya ta rufe cikin daƙiƙoƙi. Abin yi shi ne a ja kateta baya kaɗan har layin ya dawo, a ɗan fesa rini a hankali daga waje a ga bakin. Muna ɗora wannan yanayi ba tare da sanarwa ba, a tsakiyar aikin da ke tafiya lafiya. Kusan kowa yakan faɗa a karon farko. Sai mu tsayar, mu mayar da hoton baya, mu nuna masa daƙiƙar da layin ya kwanta yana kallon wani wuri. Bayan haka muna neman ya furta "matsi lafiya" kafin kowace turawa, har ta zame masa jiki. Ni dai a ganina, ko wannan kaɗai na'urar ta koyar, ta biya kuɗinta.

Ɗaukar hoto yana da nasa tsari. Jijiya bututu ce mai rassa da ke naɗe a jikin zuciya mai motsi, hoton kuwa inuwa ce a shafe, don haka kowane sashe sai an gan shi ta fuska biyu. Ana kiran fuskokin da inda kyamara ta karkata: LAO in ta koma hagun majiyyaci, RAO in ta koma damansa, sannan a ƙara ta wajen kai ko ta wajen ƙafa. Fuskokin wajen ƙafa suna buɗe uwar jijiya da reshen da ke zagaya bayan zuciya. Wadda ake kira gizo-gizo, wato LAO ta wajen ƙafa, ita ke nuna mararrabar. Na wajen kai suna miƙe reshen da ke gangarowa ta gaba. Ana taka feda kafin a fara tura rini domin a ga ko akwai ƙanƙarar alli a bango, a tura mililita 6 zuwa 8 da ƙarfin da zai sa kaɗan ya dawo cikin awota, kuma ba a ɗaga ƙafa sai rinin ya wanke. Turawa mai rauni tana sa rini ya bi gefe ɗaya, lafiyayyar jijiya ta yi kama da mai cuta. A nan na'urar ta fi majiyyaci kyau wajen koyarwa, domin tana iya nuna zuciyar a tsaye kusa da inuwarta, kana juya kyamara kana ganin yadda reshe ke hawa kan reshe. Bayan mako guda muna kashe wannan taimako.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki yakan zarce kimar. Tsukewar da ta kai kashi 70 cikin ɗari, ko 50 a uwar jijiyar hagu, ita ake ɗauka mai muhimmanci, kuma sabon ido yana yawan kiran 50 da 70. Shi ya sa muke sa shi ya faɗi kiyasinsa kafin na'ura ta nuna nata, kuma a kan masu shakka ya nemi awon matsi ta siririyar waya, inda ake raba matsin ƙasan toshewar da na samanta, kuma 0.80 ko ƙasa da haka ke nuna toshewar tana hana jini.

Jijiyar dama hannu take nema. Da katetar Judkins ta dama mai lamba 4, kyamara a LAO kusan digiri 30, ana sauka har kan bawul, a ja baya kamar santimita biyu ana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya. Juyin da ka yi a waje ba ya isa baki nan take. Yana taruwa a jikin kateta mai tsawon santimita 100, sai ya saki gaba ɗaya. Mai garaje yakan ƙara juyi, bakin ya zabura ya wuce wurin, ko katetar ta murɗe ta ƙulle a cikin hannu. Alamar ƙullewa ita ce layin matsi ya ɓace kuma bakin ya daina amsa juyi. Sai a duba hannun da eksire, a warware ta ɗaya gefen, a zura waya a hankali ta miƙe. Dabarar kauce wa wannan ita ce a riƙa ɗan motsa kateta gaba da baya yayin juyawa. Ɗaya tarkon shi ne ƙaramin reshen da ke fita kusa da bakin jijiyar dama ya hau sama. Kateta na son shigarsa, matsi ya kwanta, in aka cika shi da rini zuciya na iya rikicewa ta koma karkarwa. A dama mililita 4 zuwa 6 sun isa.

A ƙarshen kowane aiki na'urar na fitar da lissafi: minti nawa aka yi, minti nawa ƙafa na kan feda, rini nawa aka kashe, sau nawa kateta ta tafi babu waya. Ba ma bari mai koyo ya yi tseren lokaci, don wanda ke neman doke agogo yakan tsallake duba matsi. Abin da muke bi shi ne rini da eksire. Rini yana wahalar da ƙoda, musamman ga mai ciwon suga. Ƙa'idar da muke koyarwa ita ce kada yawansa a mililita ya wuce ninki uku na lambar aikin ƙodar majiyyaci. Eksire kuwa ba a ganinsa, ba a jinsa, a na'urar ma babu shi, shi ya sa muguwar al'ada ke saurin kama ƙafa. Muna tsayawa a kan ɗaga ƙafa duk lokacin da ido ya bar allo, rage hoton kallo zuwa 7.5 a daƙiƙa, tsuke filin hoto, sauke kyamara kusa da ƙirji, da ja da baya taku ɗaya, domin nisa in ya ninka biyu abin da ke isa jikinka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai wanda ya yi hoton bincike sau da yawa a jere babu kuskure mai haɗari muke wucewa da shi zuwa buɗe jijiya. Ba ma ƙirga kwanaki. Wani mako biyu, wani wata biyu. Ana ƙara hefarin zuwa yunit 70 zuwa 100 a kowane kilo, a auna daskarewar jini ta kai daƙiƙa 250 zuwa 300. Katetar jagora ta fi ta bincike faɗin ciki da tauri, don haka ta fi ta iya yin ɓarna. Wayar da ke shiga jijiyar zuciya 0.014 na inci ce, ana lanƙwasa milimita biyu zuwa uku na bakinta kusan digiri 45, a riƙa murza ta tsakanin yatsu tana tafiya. In bakin ya tanƙware ko ya daina juyawa, a ja baya. Bayan ta ƙetare toshewar ana ajiye ta can ƙasa, kuma daga nan hannun hagu ba ya sakinta. Abin da ke ba kowa wuya shi ne kayan uku suna jan juna: ka tura balan-balan gaba, katetar jagora ta ja baya ta fita, ka jawo balan-balan, ita kuma ta nutse cikin jijiya, waya ta zame. Dole bakin jagora da bakin waya su kasance a allo tare. Wayar da aka manta da ita, musamman mai santsi, takan sulale har ta huda ƙarshen jijiya.

Ana cika famfon hurawa da rini da ruwan gishiri rabi da rabi. Kafin a zaɓi girman sitent, ragar ƙarfen da ke riƙe jijiya a buɗe, ana ba da naitirogilisarin don jijiyar ta saki ta nuna ainihin faɗinta, in ba haka ba za a sa ƙarami. Faɗinsa ya yi daidai da lafiyayyen sashe, tsawonsa ya tashi daga lafiya ya sauka a lafiya. Mai hurawa yana kiran lambar da ke agogon famfo da murya, shida, takwas, goma, sha biyu, kuma kowa ya san lambar fashewa da ke rubuce a kwalin. In balan-balan na farko bai buɗe sosai ba, ya bar ƙugu a tsakiya, ba a sa sitent sai an gyara wurin, domin ragar da ba ta buɗe ba matattarar gudan jini ce. Ba a jawo balan-balan sai an ga ya sace gaba ɗaya, ba a cire waya sai an ɗauki hoto ta fuska biyu an tabbatar gefunan ba su tsage ba.

Kwanakin ƙarshe na tawaga ne, da nas da mai kula da na'urar hoto. Muna sakin matsala muna kallo. Zuciya ta koma karkarwa: a janye kateta daga bakin jijiya, a buga shokin na jul 150 zuwa 200, a fara danna ƙirji in bai dawo ba. Bugu ya yi ƙasa, majiyyaci na gumi: atirofin, maganin ɗaga bugun zuciya, da ruwa. An buɗe jijiya amma rini na rarrafe: a tabbatar ba tsagewa ba ce ko iska, a ba da adenosin ko berafamil can cikin jijiyar. Rini na fita waje yana taruwa, jini na faɗuwa: a mayar da balan-balan ɗin da ke hannu a hura shi da ƙaramin matsi ya toshe wurin, a kira sikanin zuciya, a shirya allurar zuƙe jinin da ya taru a jakar zuciya, a nemo sitent mai rufi, a sanar da likitan tiyata. Kuskuren da muka fi gani shi ne firgita ta sa a fizge waya da balan-balan, alhali su ne kaɗai hanyar komawa wurin. Na biyu shi ne umarni marar suna. "A kawo atirofin" ba ya motsa kowa. "Sista, atirofin miligiram ɗaya yanzu," ita kuma ta maimaita, shi ke kawo magani. Zaman da ake yi bayan kowane yanayi yakan fi yanayin kansa tsawo, kuma tambayar farko kullum ita ce me ka gani a lokacin, kafin a zo ga me ka yi.

Akwai wuraren da muke gaya wa mai koyo kada ya yarda da na'urar. Turjiyar da take bayarwa injin ne ke matse waya, ba ta kai laushin abin da yatsa ke ji a jijiya mai alli ba, kuma wani lokaci tana barin ka wuce da ƙarfin da zai yaga mutum. Gunki ba ya jin zafin tsukewar jijiyar hannu, ba ya tari, ba ya motsa ƙafa. Babu jini mai sa safar hannu santsi ko ya bushe a kan waya. Wanda ya maimaita majiyyaci ɗaya sau goma ya haddace shi ne, don haka muna canzawa. Wanda kuma aka bari shi kaɗai da ita yakan ƙware a kan kuskurensa, shi ya sa ba ma ba da mabuɗin ɗakin sai da malami ko wanda ya riga shi nisa.

Ranar da zai fara a kan majiyyaci, muna zaɓar mai sauƙi: jini daidai, ƙoda lafiya, bugun wuyan hannu mai ƙarfi. Da safe yakan yi aiki ɗaya a kan na'ura don hannu ya warware. A ɗakin, babban likita yana wanke hannu ya tsaya a damansa, kusa da manifol, kuma an yi yarjejeniya tun a waje cewa in huda ta ƙi sau biyu, ko jijiya ta ƙi kamuwa bayan 'yan mintuna, malami zai karɓa ba tare da wata magana ba. An gaya wa majiyyaci wanda zai yi aikin da wanda ke tsaye a kansa, ya kuma amince. Bayan an cire kube, mai koyon ne ke ɗaura madaurin wuyan hannu, ya rage iskarsa kaɗan-kaɗan har jini ya ɗan ɓullo, ya mayar da mililita ɗaya ko biyu, sannan ya danne ɗaya jijiyar ta gefen ƙaramin yatsa ya duba ma'aunin iskar jini da ke babban yatsa, ya tabbatar jini na wucewa ta wadda aka huda.